Ranar da Aka Sake Awon Gonar Babanmu

Akwai wata ranar Asabar da har in mutu ba za ta fita daga raina ba, ranar da na tsaya a tsakiyar gonar babanmu na yi musu da manyana, kuma na yi nasara.

Gonar tana bayan garin Rano, ta hanyar Lausu. Lokacin da Baba ya rasu gari ya riga ya cim mata, gidaje sun kewaye ta ta gefe biyu. Mu biyar ya bari, maza biyu, mata uku, ni ce ta tsakiya a matan, ina koyarwa a firamare. Muka yarda a yanka ta filaye a raba. Babban yayanmu ya kawo wani dillali, shi kuma ya zo da igiya da turaku, cikin kwana biyu ya fitar da fili ashirin da ɗaya. Kowane namiji shida, kowace mace uku.

Da na je na gani, abin bai yi mini ba. Filayen sirara ne, dogaye kamar kunyar dankali. Na bakin titi duk sun faɗa wa maza, namu kuwa suna can ƙurya, sai an bi wani lungu mai lanƙwasa biyu wanda da ƙyar babur zai wuce. Na yi wa Yaya magana, ya ce, "Ke dai kin cika bincike. Haka kowa yake yankawa a garin nan."

Ban iya barin zancen ba. Ranar Litinin da aka tashi daga makaranta na wuce ofishin masu kula da tsarin gari, da zanen da na kwafa a bayan takardar jarrabawa. Wani dattijon ma'aikaci ya sa tabarau ya duba, ya girgiza kai.

"Malama, wannan awon igiya ne, ba za mu sa masa hannu ba. Kowane fili dole ya fuskanci hanya, fuskar kuma kada ta gaza ƙafa hamsin. Hanyar ma sai wadda mota biyu za su gifta juna, a bar gefen kwata. In kuka gina a haka, babu takarda, kuma duk ranar da aka zo fitar da titi gidan wani zai tafi."

Na roƙe shi ya rubuta mini, ya rubuta. A hanyar gida na lissafa: in aka bi ƙa'idar, filaye goma sha huɗu za su fita. Ni kaina zan rasa ɗaya, Yaya zai rasa biyu. Na san ba zai ji daɗi ba, kuma gaskiya tsoronsa nake ji, don tun muna yara ba a mayar masa da magana.

Ranar Asabar aka taru a gonar don a nuna wa kowa nasa. Baffanmu, ƙanin Baba, shi ne shugaban zaman, ga mai unguwa, ga dillali. Na durƙusa na gai da su, na miƙa wa Baffa takardar. Kafin a gama karantawa dillali ya yi dariya ya ce ƙa'idar birni ce, nan ƙauye ne. Yaya ya haɗe rai ya ce, "Wato ƙarata kika kai ofis?"

Na ce, "Ba ƙara na kai ba, Yaya, tambaya na je yi." Muryata tana rawa. Sai na juya wajen Baffa. "Baffa, abu ɗaya zan tambaya. In na gina a can na zauna, ranar da Allah ya karɓi raina, ta ina za a fito da makarata?"

 Baffa ya tashi da sandarsa ya nufi lungun. Ya sa aka ɗauko wani tsohon tsani da masu gini suka jingine a maƙwabta, ya ce mutum huɗu su saɓa shi a kafaɗa su bi tsakanin turakun. Yaya yana cikinsu. Suka wuce miƙaƙƙen wurin a takure, da suka zo kwanar farko tsanin ya ƙi juyawa. Suka ja baya, suka sake gwadawa, sai da na gaba ya taka cikin filin wani. Baffa ya ce, "Nan da ka taka katanga ce. Ku sauke."

Ya dawo ya zauna, ya dubi dillali. "Malam, tsige turakunka." Sannan ya dubi Yaya. "Ka samo safiyo, ƙwararren mai awon ƙasa. Yarinyar nan ta fi mu gaskiya."

Ni da nake da 'ya'ya huɗu a lokacin, ban taɓa jin daɗin a kira ni yarinya ba kamar ranar. Ƙanwata ta matse mini hannu ta cikin hijabi har sai da na ji zafi.

Safiyo ya zo ya fitar da hanya ɗaya mai faɗi ta ratsa gonar daga titi har ƙarshe, filaye bakwai a dama, bakwai a hagu, aka yi ƙuri'a. Yaya ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwata da kyau. Amma takardunmu suka fito ba tare da wahala ba, da aka zo kafa turakun lantarki layinmu aka fara bi, don shi ne motar masu aikin za ta iya shiga. Yanzu a gidana nake zaune a layin, motar yashi tana juyawa a ƙofata, ruwan damina yana bin kwatarsa ya wuce. Wata sallah Yaya ya zo, ya tsaya a ƙofa yana kallon layin, ya ce, "Da na ci gaba da taurin kai da mun cuci jikokinmu." Daga bakinsa wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Abin da na koya shi ne, ƙasa in aka yanka ta aka yi gini, an gama, kuskuren sai ya fi mai yinsa daɗewa. Don haka in ka ga ana shirin yin ba daidai ba, ka je ka tambayi waɗanda suka sani, ka dawo ka faɗa cikin ladabi tun turaku ne a ƙasa, ko da muryarka tana rawa.