Tukunyar da Yaya Sani Bai Ɗaga Ba

Asabar ɗin farko ta dogon hutu, shekarar da na gama aji huɗu, muka wayi gari Yaya Sani ya kewaye jujin bayan gidanmu na unguwar Hashimi da farin zare da ƙusoshi. Babban wanmu ne, yana jami'a yana karatun tono kayan mutanen da. Baba ya riga ya sauke bulo zai gina ɗakunan haya a wurin, saboda ma'aikatan Abuja da suka fara cika Suleja. Yaya ya roƙi a bar masa jujin zuwa ƙarshen hutu, ya yi aikin da malamansa za su duba kafin ya kammala. Baba ya yarda, amma ya daɗe yana faɗa wa abokansa cewa ya kai yaro jami'a, ya dawo masa da tonon bola.

Mun zaci diga za a sa a gama kafin azahar. Ashe da cokalin magina da buroshin fenti ake yi, ana kankarar ƙasa kamar mai cire ƙanzo. Ni aka damƙa wa tankaɗe, da rariyar Mama kuwa, abin da ya jawo mana faɗan da har maƙwabta suka ji. Komai a ramin nan yana da sunan girma. Juji ya zama "midin", ƙashin kazar da muka ci da Sallah ya zama "fauna". Abin da Yaya ya juya ya juya bai gane ba, sai ya gyara murya ya ce kayan al'ada ne, har da marfin batir. Babbar dokarsa ita ce "in situ", wato a bar abu inda aka same shi, ba a taɓawa sai an auna an zana. Wannan doka ni ta fi yi wa rana. Da Mama ta ce in share tsakar gida, sai na nuna mata ɓawon gyaɗa na ce in situ yake. Tsintsiyar da ta biyo ni da ita ba ta san dokar ba.

Kakarmu Inna kullum takan jawo kujerarta bakin ramin, tana ɓarar gujiya tana tsokanarsa: "Maigidan, in ka kai Makka ta ƙasa ka aiko mini da dabino." Ramin na nisa, gidanmu na komawa baya. A sama ledoji ne da robobi, ƙasa da su gwangwanayen madara da fasassun kwanukan samira, sai baƙar tokar shekarar da madafa ta ƙone, wadda Inna ta ba mu labarinta tana dariya. Amma da aka wuce tokar sai tsokanar ta ragu, gujiyar ma ta daina ɓaruwa.

Wata safiya bayan an yi ruwa, buroshi ya fito da gindin ƙaramar tukunya a kife, irin ta Gbagyi da ake kawowa daga Diko, ko tsagewa babu. Duk hutun gutsattsari Yaya yake samu, ga cikakkiya yau, irin wadda ake ɗauka a kai gaban malamai. Sai Inna ta ce, "Sani." Ban taɓa jin ta kira sunansa ba. "Wannan ba ta jami'a ba ce. Mabiyiyar ɗana na fari ce a ciki, wan babanku. Da hannuna na kife ta, a lokacin wurin nan bayan ɗakina ne. Bai kai suna ba, kuma ban san inda maza suka kai shi ba. Nan kaɗai na sani."

Yaya ya ajiye buroshin a gefe. Sai ya auna tukunyar, ya zana ta, ya ɗebi jar ƙasar da na tankaɗe ya rufe ta da tafin hannunsa. Ya koma makaranta da gutsattsarinsa, makin da ya samu kuwa na tsaka-tsaki ne. Baba bai sake maganar tonon bola ba, kuma da magina suka zo ya sa suka tsallake wurin.

Yau Inna ta daɗe da rasuwa, jujin ya zama jerin ɗakuna cike da masu sammakon Abuja, shara kuma a leda ake ƙulle ta a miƙa wa mai baro, ba ta zama a gida balle jika ya tono ta ya ji labari. Tsakanin ɗakuna biyu akwai wani ɗan fili da ba a yi wa siminti ba, inda 'yan haya suke shanya, suna ƙorafin magini ya yi asarar wuri. Duk na je gida nakan tsaya a nan, kewar Inna ta kama ni. Yanzu na gane cewa duk hutun nan ba kallon tono take yi ba, gadin ɗanta take yi.