Ranar da Na Rantse Ba Zan Yi Magana Ba

Sau ɗaya maigidana ya faɗi jarrabawar haɗa kwamfutoci a Kano, ya dawo Karaye kwana uku ba ya gama tuwonsa. Da ya sake yin rajista, sai ya shigo da wani baƙin akwati mai ramuka ashirin da huɗu, wai suwic, ya ɗora a kan teburin keken ɗinkina. Ya ce in ya sake faɗuwa ya haƙura, ya ci gaba da buga wasiƙu a sakatariya har ya yi ritaya.

Ya yi mini bayani cewa kowane rami ana iya koya masa ya san kwamfuta guda. In baƙuwa ta shigo, sai ramin ya rufe kansa, fitilarsa ta daina kore. Na ce ashe ya fi wasu masu gadin hankali.

Aikina shi ne ɓarna. In ya tafi sallar La'asar, in sauya waya ko in sassauta wata, ya dawo ya gano. Matsalar ita ce tausayi. Da na ga ya fara gumi, sai in tsaya ina goge tebur daidai wajen da na taɓa. Ya ce ina cutarsa, a Kano ba mai goge masa tebur.

Saura kwana biyu jarrabawa, ya sa na rantse da Allah ba zan ce uffan a kan akwatin ba, ko da ido, har sai ya gano da kansa. Na rantse.

Yana fita sai ga yayata daga Rogo, da ƙullin gyaɗa da labarin haihuwa uku da rasuwa ɗaya. Muka gaisa, muka yi salla, na raka ta bakin titi ta hau babur. Ina dawowa na tarar da shi zaune gaban akwatin yana naɗe hannun riga. Ban taɓa komai ba.

Ya duba wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya buga rubutu, ya karanta, ya sake bugawa. Ya ce lallai yau na yi gwaninta. Ni kuwa ina bakin ƙofa ina tsince shinkafa, ina tunanin kaffarar rantsuwa, ko shinkafar nan za ta ciyar da mutum goma. Na buɗe baki sau biyu, ya ɗaga mini yatsa ba tare da ya juyo ba.

Dab da Magariba, cikin ruɗewa, ya zare wayar tsohuwar kwamfutarmu, wadda rami na uku ya sani, ya cusa ta laftof ɗinsa a ramin. A kan idona fitilar ta sauya. Bai lura ba sai da ya zagayo kanta.

"Na kama ki, Malama. Baƙuwa kika shigar mini a na uku."

Ya mayar da wayar, ya buɗe ramin, ya tafi masallaci yana tafiya kamar wanda aka yi wa naɗi. Rantsuwata ta sauka, amma na kasa faɗa masa gaskiya. Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin faɗuwar farko. Na yi istigfari, na ƙara masa nama a miya.

Ya dawo daga Kano da takardar ci a aljihun gaba. Ya ce irin wannan tambayar ta fito, yana ganinta ya tuna da ni. Na bari ya wanke hannu ya kai loma uku, sannan na faɗa masa gaskiya, tun daga sallamar yayata.

Ya ajiye lomar da ke hannunsa.

"Wato ni na yi satar, ni na kama ɓarawon?"

"Kuma ka yi saurin kama shi, Baban yara."

Ya ce in ƙaro miya. Akwatin yana nan kan teburin, na ɗinka masa riga da ragowar atamfa.