Ƙofar da na bar wa Baba

Ko na manta sunayen malamaina gaba ɗaya, wannan rana kam ba za ta fita daga raina ba. Lokacin kuɗin mai ne, gwamnatin jiharmu ta tura ni London karatun zanen gine-gine. Kaina ya kumbura, gani nake da na koma ni zan gina ƙasar.

Jarrabawata ta ƙarshe ita ce in zana gidan babban ma'aikaci, saura kwana goma in miƙa. Fasalin gidan kuwa na kwaikwayo shi daga wani tsohon zane a wani shago kusa da Charing Cross. Wani Baturen Holland ne ya yi shi wajen shekara ɗari da suka wuce, a tsibirin Jawa da suka mallaka: farin gida mai ginshiƙai, matakala mai faɗi, baranda, ga itatuwan kwakwa da dutse can baya. Wallahi ya tafi da imanina. Sau huɗu ina komawa, har mai shagon ya fara hararata.

A makon ne yayana ya kawo Baba aikin ido. Da ya ji sauƙi na ja shi shagon don in burge shi. Ya daɗe yana kallo, hancinsa kamar zai taɓa gilashin.

"Gidan Di'o," ya ce.

"Haba Baba, wannan wata duniya ce. Ba ma na Ingilishi ba ne."

"Duk gininsu ɗaya. Ina madafa?"

Na duba, babu. Sai wasu ɗigo-ɗigo a gefen shinge, ashe mutane ne da kaya a ka, ko fuska ba a yi musu ba. Duk zuwan da na yi ban gan su ba.

Muka koma ɗakina, na shimfiɗa masa nawa zanen. Baba shekara ashirin ya yi yana kukun Di'o, Baturen mulkin yankinmu. Ya ɗora yatsa kan matakalar gaba, ya kauce mata, ya zagaya ta baya, ya tsaya kan wata 'yar ƙofa da ɗakunan 'yan aikin gida biyu da na maƙala kusa da banɗaki.

"Madalla, malam injiniya," ya ce yana murmushi. "Ka bar mini ƙofata. In na zo gaishe ka ba zan ɓata ba."

Ba baƙar magana ya yi ba, da zuciya ɗaya yake yabona. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Kunya ta rufe ni, na kasa haɗa ido da shi.

Na naɗe zanen na sake sabo a kwanakin da suka rage: zaure ɗaya da kowa zai bi, madafa a tsakar gida. Malamina ya ce na lalata kyakkyawan aiki, da ƙyar na tsallake.

Ban yi nadama ba. Ranar na gane cewa wanda ya kwaikwayi ginin wani, har da rainin da ke cikinsa yake ɗaukowa. Shi ya sa har na yi ritaya ban sake zana ƙofar da zan ji kunyar ganin mahaifina ya bi ta ba.