Ramin Galurar Kakata

Warin ƙaiƙayin da ya jiƙa ya kwana uku shi ke tarbata kowace safiya idan na buɗe ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki. Abokan aikina toshe hanci suke yi. Ni ba na toshewa, don a cikinsa na girma.

Aikinmu ba shi da wuyar bayani. Ana kawo mana ruwan da masana'antun rini da na jima ke zubarwa, wani ja, wani baƙi ƙirin, mu zuba masa fumfunar da muke raino a kan ƙaiƙayi da ƙwayoyin bakteriya, mu zauna jiran ko za su cinye launin. Fumfunar da muke da ita daga ƙasar waje aka aiko mana, kuma 'yar hutu ce, da bazara ta kama sai ta mutu. Mun daɗe muna neman ta gida, wadda ta saba da ranarmu.

Kakata ta wajen uba mai rinin kaba ce, a wani ƙauye kusa da Galma. Da an kai gero rumbu sai ta ɗora tsohuwar tukunyarta ta ƙarfe, ta zuba galura, ta yini tana tsoma kaba tana shanyawa a kan danga. Matan unguwa su ɗiba su saƙa tabarmi, a kai kasuwar Madawa. Hannuwanta, daga yatsu har gwiwar hannu, ja ne mai duhu da sabulu bai taɓa iya masa ba. Mu jikoki mukan tsokane ta cewa da hannu za a gane ta a lahira, ita kuma ta biyo mu da muciya.

Ruwan da ya rage a tukunya ba ta watsar da shi a lungu. Akwai rami a bayan rumbunmu, cike da ƙaiƙayi da kara, a tsakiyarsa wani ruɓaɓɓen kututture da fumfuna ta lulluɓe fari fat, kamar an barbaɗa masa gari. Nan take juye ruwan, ta rufe da tsohuwar zana. Bayan kwanaki sai ka ga abin da ya taru a gefe ya koma kamar ruwan tsamiya. Ko lokacin da ba ta rini, takan yayyafa wa kututturen ruwa don kada ya bushe. Gangaren gidanmu kaɗan rijiyar unguwa take, ba ta da zurfi, kuma ita kowa ke sha.

Na taɓa tambayarta me ke cikin ramin. Ta ce, "Masu ramin na ciki. Bar su su ci abincinsu, kak ki taɓa su."

Ina da shekara goma sha ɗaya mushe, malaminmu na boko, ya zana mana ƙwayoyin cuta a allon lakkol, wato makaranta, ya ce duk inda aka ga fumfuna ƙazanta ce, kuma ɗan lakkol na kirki shi ke fara tsabtace gidansu. Ni ce ta ɗaya a aji, ga rawar kai. Kakata ta tafi Buza gaisuwar mutuwa, innata tana garka wajen ban ruwan albasa. Na ɗauki hauya da kwando na kwashe ramin tas, na tara komai na cinna wuta. Kututturen ya ƙi ci don danshi, sai da na ƙara masa kara har sau uku.

Da ta dawo, ta daɗe tsaye a bakin ramin. Ta ce, "Wa yay yi aikin ga?"

Na ce, "Ni, kaka. Mushe ya ce cuta na cikinai."

Ta ce, "Da itacen ga anka kawo ni gidan ga. Uwata ta tsaga mani daga nata." Sannan ta ce in kawo mata ruwan alwala. Ba ta buge ni ba, ba ta kuma sake ta da maganar ba.

Ta gwada sabon itace, gara ta cinye. Ta gwada wani, baƙar fumfuna ta fito, ruwan ya zauna ja yadda aka zuba shi. Kafin rani na biyu ya ƙare, guga ya fara fitowa daga rijiya da ruwa mai ja-ja. Aka yashe ta sau biyu, abin bai bari ba. Dattawan unguwa suka zauna, kuma babana suka aika ya gaya wa uwarsa ta bar rini. Ta kife tukunyar a gindin danga. Shekara huɗu ta yi bayan haka tana zaune a inuwa, jan hannunta yana kwaranyewa a hankali. Innata, da ta yi mata wanka na ƙarshe, ta ce hannuwan sun koma irin na kowa. Ban yi kuka ba ranar, kuma har yau ban yi ba. In na tuna, ba na jin komai sai nauyi.

Bara aka tura ni da kwalabe in zaga ƙauyukan Buza da Keita neman irin wannan rami. Yanzu tabarmar roba ta cika kasuwa, 'yan masu rinin da suka rage kuwa a lungu suke zubar da ruwansu. Matasa kallona suke kamar mai taɓin hankali. Sai a Tamaske aka kai ni wurin wata tsohuwa da ido ya fara bari. Tun kafin in gama bayani ta gyaɗa kai.

Ta ce, "Mun san shi. Namu na nan duk sun bushe shekarun fari. Amma akwai wata da anka kai aure wajen Galma, ta tahi da tsagi guda. Mace ce mai riƙon abu. Tahi can, ɗiyata, jikokinta ba su rasa shi."

Na yi mata godiya. Direbanmu ya tada mota yana murna, ya ce mu kama hanyar Galma ke nan? Na ce masa a'a, mu koma. A rahoton da na miƙa, layi ɗaya na rubuta: ba a samu ba.