Kunnen da Ke Ji a Tasha

Kowa a gidanmu ya ɗauka ƙarya nake yi. Goggo, ƙanwar Baba, ita ta kawo musu hujja. A rumfarta ta abinci da ke tashar motocin zuwa Ngaundere, nan Garwa, ina jin kowa, amma a gida sai a yi ta kirana ban waiwayo ba.

"Yaya, cikin ƙarar injin mota ta ji mai son ƙarin miya, a tsakar gida kuma ta kurumce? Raini ne kawai."

Baba mahauci ne, ba ya son dogon bayani. Ya yarda da ita. Daga ranar, da ka yake amsa gaisuwata. Na bar lise, wato sakandare, don ba na jin malami, aka ce wannan ma lalaci ne.

Kawuna ne ya gaji ya kai ni Yaunde. Likita ya ce wani ɗan ƙashi ne a cikin kunne ya daskare, ya daina motsi. Na tambaye shi zancen tasha. Ya ce haka ciwon yake: cikin hayaniya mutane ɗaga murya suke yi, hayaniyar ba ta iso mini, sai muryar. Ya ce yana bin jini, kuma ya fi kama mata.

Kunnen dama aka yi wa aiki. Da aka cire audugar, ƙarar cokali a faranti ta kusa sa ni kuka. Na daɗe ina jin ɗanɗanon ƙarfe a baki. Na hagu yana nan a toshe, ƙugin da ciwon ke sa ni ji a cikin kaina ma bai tafi duka ba. Amma ina jin tafasar ruwa, ina jin takuna a siminti.

Na dawo Garwa, Goggo ta dube ni ta ce, "An sha iskar Yaunde, kunne ya buɗe ke nan?"

Bana rediyonta har maƙwabta ake ji. Magana kuma ciki-ciki take yi, kamar yadda nake yi a da. A rumfa ba abin da ke wuce ta. Amma ran Juma'a Baba ya yi ta kiranta daga zaure tana tsince shinkafa, ko motsi. Da ya leƙo ta ce tunani take yi.

Mama ta ja ni kicin. "Ke kin san abin nan. Ki faɗa mata mana, ki kai ta."

"Ta ce tunani ne, Mama."

"Ke dai ki ji tsoron Allah."

Ina jin tsoronsa, kuma zan kai ta, na san hanya. Amma sai ta zauna gaban Baba ta faɗa da bakinta cewa ban taɓa yi masa ƙarya ba. Kafin nan, kullum da safe zan durƙusa in gaishe ta da muryar da ake gaishe da mai kunne, ba zan ƙara ko kaɗan ba.