Gafaru da Ƙudan Zuman Bayan Al Wukair

Gafaru direba ne, mutumin zangon Bawku ta ƙasar Gana. Ya yi shekaru yana kai tumatir da kokwamba kasuwannin Doha daga wata gona da ke bayan Al Wukair. A ƙarshen gonar, ƙarƙashin itatuwan kurna, akwai akwatunan ƙudan zuma waɗanda wani dattijo ɗan garinsu, Baba Ja'afaru, yake kula da su. Ɗaki ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke sa hannu.

Da annobar korona ta shigo, dattijon na cikin waɗanda ta fara kayarwa. Ta waya ya yi wa Gafaru magana ta ƙarshe daga asibiti, numfashi na sarƙe masa, ya ce, "Ƙudan nan, kada ka bar su su lalace." Gafaru ya amsa da to. Amma aiki ya yi yawa, ma'aikata sun ragu, shekara bayan shekara zafin bazara ya yi ta bi ta kan akwatunan babu mai leƙa su.

Ana gab da gasar cin kofin duniya da za a buga a Doha, kafil ɗinsa, wato mai gonar, ya zagayo ya tarar yawancin akwatunan sun zama kango. Ya ce, "Khalas, an gama, a kwashe." Gafaru ya roƙe shi ya dakata har sanyi ya wuce, idan babu gidan da ya rayu, shi da kansa zai loda su a mota. Mai gona ya yarda.

To, Gafaru ba baƙon zuma ba ne. Mahaifinsa mai amya ne, kuma abin da ya tashi ya gani shi ne a shafe amya da kashin shanu, a turara ta, a ɗaure a kan ɗorawa, sauran kuma na Allah ne. Ba a buɗe ta sai ranar ɗiba. Saboda haka ya wanke akwatunan da suka mutu, ya turara su, ya ɗaure su a rassan kurna yana jiran taron ƙuda daga daji. Masu sauran rai kuwa bai taɓa su ba, don a ganinsa buɗe su cin zali ne.

A haka Malam Lado ya same shi wata Asabar da hantsi. Malamin gona ne daga Zariya, mai zagaya gonaki yana duba cututtukan shuka. Ya ɗaga kai ya ga akwatuna suna reto, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai, mutumin Gana! Kun fitar da mu kun hana mu zuwa kofin duniya, yanzu kuma kuna rataye akwati a sama kamar ganga?"

"Malam, ku dai ku zo kallo, za mu ajiye muku kujera. Ƙuda nake kira."

"Daga wane dajin? Dubi gabas, dubi yamma, yashi ne har teku. Waɗannan ma a jirgin sama aka kawo kakanninsu. In suka ƙare, sun ƙare ke nan."

Wannan tunanin bai taɓa zo wa Gafaru ba.

Suka busa hayaƙi, suka buɗe masu ran. Abin da suka gani ya kashe dariyar. Tsutsa ta cinye saƙa ta bar zare kamar yanar gizo, zuma babu ko ɗigo, ƙudan kuwa sun cure a lungu, ba su fi cikin tafin hannu ba. Malam Lado ya ce sanyin Doha ba ya kashe gida mai ƙarfi, amma iskar arewa za ta gama da waɗannan cikin mako. Dole a haɗa gidaje biyu su zama ɗaya, a cire saƙar da ta lalace, a ƙuntata ƙofa, a ba su ruwan sukari. Sai dai gida ba ya ɗaukar uwa biyu, wato sarauniyar ƙudan. A murƙushe mai rauni.

Gafaru ya janye hannunsa. "Malam, addini ya hana mu kashe ƙudan zuma. Kuma amanar mamaci ce. Da wane hannun zan yi?"

"In ba ka yi ba, za su yi faɗa, wataƙila a rasa duka biyun."

"Gara su yanke hukuncinsu da kansu."

Malam Lado bai ƙara musu ba. Ya nuna masa yadda ake shimfiɗa takardar jarida tsakanin akwatin ƙasa da na sama, domin kafin ƙudan su cinye ta, ƙamshinsu ya riga ya gauraya. Suka haɗa gidajen bibbiyu, kowace uwa da ranta.

Duk tsawon gasar, yayin da abokansa ke cika jirgin ƙasa da tutoci, Gafaru yana dama sukari a bokiti bayan ya dawo daga kasuwa. Ya sauke akwatunan da ya ɗaure a kurna, ya kafa shingen ganyen dabino ta gefen da iska ke bugowa.

Hukuncin bai zo da sauƙi ba. A gida ɗaya, uwayen biyu suka hallaka juna, ƙudan suka yi ta raguwa har suka ƙare. Gafaru ya share gawarwakinsu da tafin hannu, ya haƙa rami ya rufe, ya daɗe a tsugune. Bai ce Malam Lado ya yi kuskure ba, bai kuma ce shi ya yi ba.

Bayan ruwan Janairu, ciyayi suka yi fure a bakin gona. Ya buɗe sauran gidajen ya ga ƙwai farare a jere cikin saƙa, ƙudan na shigowa da garin fure rawaya a ƙafafunsu. Ya je ya kira mai gona. Mutumin ya tsaya daga nesa, ya rufe fuska da gefen mayafin kansa, ya daɗe yana kallon shige da ficensu. Sannan ya tambayi Gafaru ko akwai abin da yake bukata.

Gafaru ya ce rumfa, kafin zafi ya dawo.