Gyaran da Malam Ya Aiko

Malamin da ya fara koya mini rubuta manhaja yana da ɗan shagon kwamfuta a Gwarzo. Shi ya roƙi Babanmu ya bar ni in riƙa zuwa in an tashi daga makaranta. Shekaru suka ja, aure ya kai ni Kabo, inda nake aiki daga ɗaki. Ina cikin masu duba gyare-gyaren da ake aikowa ga kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta.

Wata safiya na ga gyara daga wurin Malam. Karonsa na farko ke nan. Har guɗa na kusa yi, kafin na karanta.

Ya cire umarnin da ke sa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta juye ɗan ma'ajinta na kusa, ta mayar da abin da ke ciki cikin babban ma'aji da ake kira memori. Hujjarsa ita ce juyewar tana sa kwamfuta yin nawa. Gaskiya ne, kuma a kwamfutar shagonsa komai ya tafi lafiya. Amma akwai injinan da ke kulle memori da makullin sirri. A kansu, in aka canja makulli ba a juye ma'ajin ba, ragowar tsohon bayani kan sauko daga baya ya lalata sabo.

A aikinmu a fili ake ba da amsa, kowa yana karantawa. Na tausasa harshe iyakar iyawata, na bayyana matsalar. Aka ƙi karɓar gyaran.

Ranar Juma'a na tafi gaishe shi. Matarsa ta tare ni da fura, tana ba ni labarin yadda ya yi ta gaya wa abokansa cewa aikinsa zai shiga kwamfutocin duniya, kuma ɗalibarsa ce za ta duba. Na ajiye furar.

Da ya shigo na durƙusa. Muka gaisa, ya tambayi maigidana da yara.

"Malam, ka yi haƙuri."

"Haƙurin me, Malama? Da kin bari ya wuce, da na ce ban koyar da ke ba."

Bai taɓa ce mini Malama ba. Kullum 'yata yake cewa.

Ya sa na sake yi masa bayanin makullin, yana gyaɗa kai. Sannan ya ce bai taɓa ganin irin injin ba, balle ya gwada a kai.

Na san daidai na yi, maigidana ma haka ya ce. Amma Malam bai sake aiko da komai ba, ni kuma har yau na kasa tambayarsa dalili.